Mayar da kwamfuta yadda ta fito daga kamfani: abin da ɓangaren ceto ke iya yi da abin da ya fi ƙarfinsa

Tun da kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, masu kwamfutar tafi-da-gidanka suke ta jin maganganu masu cin karo da juna. Wani an ce masa kwamfutarsa ta kusa daina aiki. Wani an ba shi shawarar ya mayar da ita sabuwa, wai da kanta za ta hau Windows 11. Wani kuma ya riga ya danna maɓallin mayar da ita sabuwa, ya wayi gari takardunsa suna nan amma duk manhajojin da yake aiki da su sun ɓace. Tushen wannan ruɗani wani ɗan lungu ne a cikin faifan ajiyar kwamfuta, wanda yawancin mutane ba su san da zamansa ba sai ranar da kwamfutar ta ƙi tashi. Masu gyara suna ce masa rikobari. A nan za mu kira shi ɓangaren ceto.

Mene ne ɓangaren ceto

Faifan ajiya guda ɗaya ne a cikin yawancin kwamfutoci, amma a kan raba shi kamar yadda ake yanka gida ɗaki-ɗaki. Kowane yanki shi ake kira fatishan. Babban ɗakin, wanda ke ɗauke da harafin C, nan Windows take zaune tare da manhajoji da takardu da hotunan mai kwamfutar. Akwai kuma ƙananan ɗakuna da ba a ba su harafi ba, don haka ba sa fitowa idan an buɗe jerin folda. Wanda ya danna tambarin Windows da hannun dama na linzami ya zaɓi Disk Management zai gan su a jere kamar akwatuna: wani ƙarami a farko mai kimanin megabait 100 zuwa 260 wanda ake tayar da kwamfuta daga cikinsa, sai babban akwatin C, sai wani siriri, galibi a ƙarshe, an rubuta masa Recovery Partition.

Sunan ɗaya ne, amma abu biyu ake nufi da shi, kuma rashin bambance su shi ne rabin matsalar. Na farko ƙarami ne, daga wajen rabin gigabait zuwa gigabait ɗaya. Abin da ke cikinsa wata 'yar ƙaramar Windows ce ta gaggawa, mai suna Windows RE, wadda ke iya tashi ko da babbar ta faɗi. Akwatin kayan aiki ce kawai: tana gyara hanyar tashi, tana cire sabuntawar da ta kawo matsala, tana buɗe hanyar sake gina Windows. Babu kwafin Windows a cikinta. Na biyu babba ne, yakan kai gigabait 10 zuwa 20, kuma kamfanin da ya ƙera kwamfutar ne ya ajiye shi. A cikinsa akwai cikakken hoton faifan, wato kwafin duk abin da ke cikinsa, kamar yadda yake ranar da aka rufe kwali a masana'anta: Windows ɗin wannan zamanin, da direbobin da ke sa sauti da kyamara da wayales su yi aiki, da duk manhajojin da kamfanin ya cusa. Kwamfutocin zamanin Windows 7 da 8 sun fi zuwa da wannan babban. Na bayan 2015 yawanci ƙaramin kaɗai suke da shi.

Manomi zai gane lamarin da sauri. Ɓangaren ceto kamar irin shuka ne da aka ƙulle a buhu aka ajiye a lungun rumbu. Idan gona ta lalace, akwai abin sake shukawa. Amma irin yana cikin rumbu ɗaya da hatsin ci, gobarar da ta ci wannan ita za ta ci wancan. Faifan ajiya idan ya mutu, da ɗakin C da ɓangaren ceto tare suke tafiya. Sannan iri ba ya dawo da amfanin bara da aka rasa. Takardun mutum da hotunansa ba sa cikin ɓangaren ceto, ba su taɓa shiga cikinsa ba.

Hanyoyi huɗu da ake kira da suna ɗaya

A bakin mutane kusan kowane gyara na manhaja "fomatin" ne. A aikace hanyoyi huɗu ne, kuma asarar da kowace ke jawowa daban take.

Mafi sauƙi ita ce System Restore, wadda ta fara zuwa da Windows Me a shekarar 2000. Tana mayar da saitin kwamfuta da direbobi zuwa wata rana da ta wuce, ba ta taɓa takardu. Sharaɗinta shi ne a ce kwamfutar ta ajiye alamar wannan ranar tun kafin matsala ta zo, kuma a kwamfutoci da yawa a kashe take.

Ta biyu ita ce Reset this PC, wato sake saiti. Ita ce mafi yawan mutane za su gamu da ita a Windows 10 da 11. Tana ba da zaɓi biyu: a bar fayilolin mutum, ko a share komai. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne zaɓin farko. Rubutun ya ce za a bar fayiloli, mutum sai ya ɗauka babu abin da zai rasa. Takardu da hotuna da ke cikin foldarsa za su tsira, amma duk manhajar da ya ɗora da hannunsa za ta tafi: Office, da manhajar zane, da ta lissafin shago, da ta firinta. Windows takan bar masa jerin sunayen abin da ta cire a kan fuskar kwamfuta, ba ta dawo masa da su. Mai shagon buga takardu da ya yi haka da safe, ranar ba shi da ciniki.

Ta uku ita ce komawa ga hoton masana'anta, wato amfani da babban ɓangaren ceto. Wannan takan shafe ɗakin C gaba ɗaya ta shimfiɗa tsohon hoton a kai. Wasu kamfanoni suna ba da damar kwashe fayiloli kafin a fara, wasu ba sa bayarwa.

Ta huɗu ita ce ainihin fomatin na masu gyara: a tayar da kwamfuta daga filash mai ɗauke da Windows, a share faifai, a ɗora sabuwa. A nan ne ɓangaren ceto na kamfani yakan salwanta, domin mai gyara da ke sauri yakan goge duk ɗakunan ya mayar da faifan fili ɗaya. Windows za ta gina wa kanta sabon ƙaramin ɓangaren gaggawa, amma hoton masana'anta ya tafi ke nan.

Daga faifan CD zuwa ɓoyayyen ɗaki

A zamanin Windows 98 da farkon XP, sabuwar kwamfuta takan zo da faya-fayen CD a cikin kwali. A cikin shekarun 2000 kamfanoni suka riƙa daina sa su, suka koma ɓoye hoton a cikin faifan ajiya, suna barin mai saye ya buga nasa faya-fayen idan ya ga dama. Dalilan a fili suke. Buga miliyoyin faya-fayai kuɗi ne. Mutane suna ɓatar da su. Faifan da ke yawo a hannu kuma yana da sauƙin kwafa a ɗora wa wata kwamfutar. Daga baya ma ramin CD ɗin kansa ya ɓace daga jikin kwamfutocin.

Batun kwafa bai tsaya a fatar baki ba. A Amurka an yanke wa Eric Lundgren, mai sana'ar sake sarrafa tsofaffin kayan lantarki, ɗaurin wata 15 saboda buga faya-fayen ceto 28,000 masu kama da na Dell, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar da hukuncin a 2018. Hujjarsa ita ce manhajar da ke ciki kyauta ake sauke ta, kuma ba ta da amfani ga wanda ba shi da lasisi. Masu gabatar da ƙara suka ce jabu jabu ne, tunda an kwaikwayi tambari da kamannin faifan don mai saye ya ɗauka na asali ne.

Windows RE ta shigo ne tare da Windows Vista. Windows 8, a 2012, ta kawo maɓallin sake saiti a cikin Windows kanta, sannan ta sauya wani abu da har yau yake tasiri: lambar lasisi ta tashi daga takardar da ake liƙawa a ƙarƙashin kwamfuta ta koma cikin babban allon da ke cikin cikin na'urar, wanda sauran sassanta ke haɗe a kansa, inda ba ta gogewa ba ta yagewa. Sai dai hoton ceto yana cin wuri, lokacin kuma ƙananan faya-fayen SSD, irin masu sauri da ba sa juyawa, sun fara yawa. Da kwamfutar Microsoft mai suna Surface Pro, mai gigabait 64, ta fito a 2013, filin da ya rage wa mai saye bai kai rabi ba, kuma ɓangaren ceto yana cikin abin da ya cinye. Shi ya sa Windows 10, a 2015, ta bar dogaro da hoton da aka ajiye gefe, ta koma sake gina kanta daga fayilolin da ke cikin ɗakin C. An sami fili, an kuma sami sabon rauni: idan waɗannan fayilolin sun lalace, sake saitin sai ya tsaya a hanya ya ce ya gamu da matsala. Don toshe wannan ne aka ƙara zaɓin saukewa daga intanet a 2020, wanda Microsoft da kanta take gargaɗin yana iya cin data fiye da gigabait 4.

Ƙofofin shiga

Idan kwamfuta tana tashi, hanya mafi sauƙi ita ce a riƙe maɓallin Shift a danna Restart. Shuɗin shafi zai fito, a shiga Troubleshoot. Idan ba ta tashi, Windows da kanta takan faɗa can bayan ta gaza tashi sau biyu a jere. Kamfanoni kuma kowa da maɓallin da ake dannawa da zarar an kunna, kafin tambarin Windows ya bayyana: F11 a HP, Alt da F10 a Acer, F9 a Asus, F4 a Samsung, riƙe sifili a tsofaffin Toshiba. Lenovo da yawa suna da wani ɗan maɓalli ko rami a gefe mai suna Novo, wanda ake dannawa kwamfuta tana kashe. Sababbin Dell ana bi ta F12. Maɓallin yana aiki ne kawai idan ɗakin da yake buɗewa yana nan. A kwamfutar da aka taɓa gogewa, danna F11 sau ɗari ba zai kawo hoton masana'anta ba.

Apple ta bi hanya makamanciya tun babbar manhajarta ta OS X Lion a 2011: Command da R a kwamfutoci masu injin Intel, riƙe maɓallin kunnawa a sababbi masu injin Apple. Bambancinta shi ne tun farko daga intanet take sauke babbar manhajar.

Masu yabo da masu kushe

Hujjar kamfanoni ba ta rasa ƙarfi ba. Hoton masana'anta an gwada shi a kan wannan samfurin kwamfutar. Bayan an dawo da shi, maɓallan ƙara haske suna aiki, na'urar karanta yatsa tana aiki, wayales yana kamawa. Wanda ya taɓa ɗora Windows daga filash ya tarar babu direban wayales, kuma sai da intanet za a sauke direban, ya san darajar wannan. Ba a buƙatar data, ba a buƙatar wata kwamfutar, lasisi kuma na halal ne.

Masu kushe suna kawo abu uku. Na farko shi ne na rumbu ɗaya da aka ambata. Na biyu, hoton daskararre ne. Kwamfutar da aka ƙera a 2014 za ta farka a 2014, ba tare da ko ɗaya daga cikin toshe-ɓarakar tsaro na shekarun da suka biyo baya ba. Na uku, duk tarkacen da kamfani ya cusa don talla zai dawo. Misalin da ya fi shahara shi ne Superfish, manhajar talla da Lenovo ta ɗora wa wasu kwamfutocinta daga ƙarshen 2014 zuwa farkon 2015, wadda aka gano tana raunana tsaron shafukan da ake shiga da kalmar sirri. Kamfanin ya sasanta da hukumar kare masu saye ta Amurka da jihohi 32 a 2017, ya biya dala miliyan 3.5. Wanda ya cire manhajar, daga baya ya koma ga hoton masana'antar da ke ɗauke da ita, ya dawo da ita da hannunsa.

Masu gyara kuwa galibi sun fi son filash. Ana yawan zarginsu da cewa kuɗin aiki suke nema, amma akwai dalilin sana'a: filash ɗaya tana yi wa kowace kwamfuta, aikin ya fi sauri, kuma ba sai an yi sa'o'i ana jiran sake saiti ba daga ƙarshe ya gaza. Inda za a iya kama su da laifi shi ne goge ɗakunan ceto ba tare da tambayar mai kaya ba, da ɗora Windows ɗin da aka buɗe da manhajar sata a kan kwamfutar da ta zo da lasisinta na gaske a cikin allo. Idan aka auna duka, hoton masana'anta ya fi amfani a shekarun farko na kwamfuta. Da zarar ta tsufa, sake saitin Windows ko ɗora sabuwa daga filash ɗin da aka haɗa da manhajar Microsoft ta hukuma ya fi aminci.

Lokacin da ƙofar gaggawa ta cije

Shekaru biyun da suka gabaci janyewar Windows 10 sun nuna cewa ɓangaren ceto shi ma manhaja ne, yana lalacewa. A Janairun 2024 Microsoft ta fitar da sabuntawa mai lamba KB5034441 don toshe wata ɓaraka a Windows RE da ke iya ba ɓarawo damar tsallake kullen faifai. A kwamfutoci masu ɗimbin yawa ta ƙi shiga, tana nuna kuskure mai lamba 0x80070643, saboda tana buƙatar filin megabait 250 a cikin ɓangaren ceto, shi kuwa an yanka shi ƙarami tun farko. Maganin da aka bayar shi ne mutum ya faɗaɗa ɗakin da kansa ta hanyar rubuta umarni, aikin da kuskure ɗaya a cikinsa ke iya taɓa ɗakin C.

A ranar 19 ga Yuli, 2024, wata gurɓatacciyar sabuntawa daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, bisa ƙiyasin Microsoft. Jiragen sama sun tsaya, bankuna da asibitoci sun shiga ruɗani. Gyaran ɗan ƙarami ne, share fayil guda, amma sai an bi kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya ta ƙofar gaggawa, kuma waɗanda faifansu ke kulle sai da aka nemo makullinsu. A Agustan 2025 wata sabuntawa ta hana sake saiti aiki a Windows 10 da wasu nau'o'in Windows 11, sai da aka fitar da gyaran gaggawa. A Oktoban shekarar kuma, sabuntawar KB5066835 ta sa kibod da linzami masu amfani da USB suka daina amsawa a cikin shuɗin shafin ceto na Windows 11, aka yi kusan mako guda kafin gyara ya fito.

Kwamfutar hannu: inda lissafi yake canzawa

Duk bayanan da kamfanoni ke rubutawa suna ɗauka cewa mai karatu shi ya buɗe kwalin. Mafi yawan masu kwamfuta a Kano ko Kaduna ko Maraɗi ba haka suka same ta ba. Ta hannu ce, irin da ake kira Beljiyam, ta yi shekaru a wani ofis a Turai ko Amurka, ta biyo ta Legas, ta sauka a kasuwa irin ta titin Beirut a Kano. Kafin ta iso hannun mai saye an goge faifanta aƙalla sau ɗaya, wani lokaci ma an cire shi an sa wani. Ofisoshin da ke sayar da tsofaffin kwamfutocinsu da gangan suke shafe komai don kare bayanansu. Saboda haka a irin wannan kwamfutar zancen komawa yadda ta fito daga kamfani yawanci babu shi. Abin da ke akwai shi ne komawa ga Windows ɗin da mai shago ya ɗora.

Daga nan abubuwa uku sukan biyo baya. Na farko lasisi. Kwamfutar da ta zo da Windows 8 ko sama da haka tana da lambarta a cikin allo, amma lambar ta wani nau'i ce takamaimai, Home ko Pro. Idan allon na Home ne aka ɗora Pro aka buɗe ta da manhajar sata, irin wadda ke sabunta izini duk kwana 180, sake saiti zai iya cire wannan manhajar, bayan wani lokaci rubutun neman lasisi ya fito a kusurwar fuskar kwamfuta. Mai ita sai ya ɗauka sake saitin ne ya ɓata masa Windows, alhali lasisin gaske yana kwance a cikin allon, jiran nau'in da ya dace kawai yake yi. Office ɗin da aka ɗora ta wannan hanyar kuwa ba ta dawowa sam.

Na biyu ya fi ɗaci. Manyan kamfanoni suna yi wa kwamfutocinsu rajista a wani tsarin Microsoft mai suna Autopilot, ta yadda duk lokacin da aka sake saita kwamfutar ta hau intanet, za ta gane gidansu. Idan kamfanin ya sayar da ita bai cire rajistar ba, tana iya yin shekara tana aiki lafiya a hannun sabon mai ita. Ranar da ya share komai ya haɗa ta da wayales, sai shafin maraba ya fito da sunan wani kamfani a wata ƙasa, yana neman adireshin imel na ma'aikaci. Kamfanin ne ke da ikon cire rajistar. Kwamfutocin Apple na baya-bayan nan suna da kulle makamancin wannan, wanda ke ɗaure da asusun tsohon mai ita. Wannan dalili ne mai ƙarfi na a nemi mai shago ya sake saita kwamfutar a haɗe da intanet a gaban mai saye kafin kuɗi su fita daga aljihu.

Na uku, nauyin kwamfuta. Ɗalibi ya kawo kwamfutarsa tana ɗaukar minti biyar kafin ta tashi, ƙaramar fitilar faifai tana ci ba ƙyaftawa, in ka kara kunne kana jin ƙas-ƙas daga ciki. Abokai sun ce ya yi mata fomatin. Wannan ƙarar ta faifai ce mai shirin mutuwa, kuma sake saiti aiki ne da ke sa faifai karatu da rubutu na sa'o'i ba hutu. Yana iya zama aikinsa na ƙarshe, furojet ɗin ɗalibin kuma yana ciki. Abin da wannan kwamfutar take buƙata shi ne a kwashe takardu nan take, a sa mata SSD. Sake saiti yana maganin cutar manhaja: bairos, direban da ya rikice, tarkacen da ya taru. Ba ya ƙara ƙwaƙwalwa, ba ya gyara fankar da ƙurar hunturu ta toshe. Idan an sauya faifai kuma a tuna cewa ɓangaren ceto yana cikin tsohon, sai an kwafe shi da gangan zai bi sabon.

To, Windows 10 fa?

Kwamfuta mai Windows 10 ba ta daina aiki ba, ba kuma za ta daina ba saboda wannan ranar. Abin da ya tsaya shi ne toshe-ɓarakar tsaro na kyauta da ake turowa kowane wata. Microsoft ta buɗe wa daidaikun mutane ƙarin wa'adi zuwa 13 ga Oktoba, 2026, ga wanda ya yi rajista: ko ya biya dala 30, ko ya haɗa saitin kwamfutarsa da asusun Microsoft, ko ya yi amfani da maki 1,000 na tsarin ladansu.

Sake saiti ba ya ɗaga kwamfuta zuwa Windows 11. Wadda ke kan 10, a kan 10 za ta farka. Hawa 11 ya dogara da jikin na'urar: guntun tsaro na TPM 2.0, ƙwaƙwalwa gigabait 4, faifai gigabait 64, da injin da ke cikin jerin da aka amince da shi, wanda a ɓangaren Intel galibi yake farawa daga zuriya ta 8. Kwamfutocin hannu da yawa da ke kasuwa 'yan zuriya ta 4 zuwa ta 7 ne. Ana iya tsallake sharaɗin a ɗora musu 11, masu shago da yawa suna yi, amma Microsoft ta ce ba ta yi alkawarin ci gaba da turo wa irin waɗannan sabuntawa ba.

Hoton masana'anta kuwa baya yake mayarwa. Kwamfutar da ta zo da Windows 7 aka ɗaga ta zuwa 10, idan tsohon ɓangaren ceto ya yi aiki, Windows 7 za ta koma, wadda aka daina kula da ita tun 14 ga Janairu, 2020. Mai 8.1 ma haka, tata ta ƙare a 10 ga Janairu, 2023. Lasisin 10 da kwamfutar ta taɓa samu yana nan a rajistar Microsoft, don haka ana iya sake ɗora ta daga filash, amma an yi aiki biyu. Wanda ya hau 11 bai ji daɗinta ba yana da kwana 10 na komawa 10 ba tare da rasa manhajojinsa ba, bayan haka ƙofar takan rufe.

Wuta, data da makulli

Windows ba ta yarda ta fara sake saiti a kan batir, sai an jona caja. Wannan sharaɗin an yi shi ne da tunanin wutar da ba ta ɗaukewa. Aikin yakan ɗauki daga rabin sa'a zuwa sa'o'i da dama, kuma idan aka ɗauke wuta a tsakiya, batirin kwamfutar hannu kuma ba ya riƙe minti goma, ana iya tashi da kwamfutar da tsohuwar Windows ta tafi sabuwa ba ta zauna ba. Wurin da ke da sola ko inbata ya fi dacewa da wannan aikin fiye da dogaro da wutar NEPA. Data ma abin lissafi ce, musamman bayan ƙarin farashi na kashi 50 cikin ɗari da hukumar sadarwa ta Najeriya ta amince wa kamfanonin waya a Janairun 2025. Gigabait 4 na saukewa somin-taɓi ne, sabuntawa da manhajojin da za a sake ɗorawa suna biye.

Sai makulli. Sababbin kwamfutoci da yawa suna kulle faifansu da tsarin BitLocker ba tare da mai su ya lura ba, kuma daga Windows 11 nau'in 24H2 abin ya ƙara yaɗuwa ga wanda ya shiga da asusun Microsoft. A ranar matsala shuɗin shafin yana iya neman lamba mai alƙaluma 48 kafin ya bari a taɓa faifan. Lambar tana cikin asusun Microsoft ɗin da aka fara saita kwamfutar da shi. Idan yaron shago ne ya saita ta da nasa asusun, ko an buɗe asusun da layin waya da ya ɓata, takardun suna nan a cikin faifan amma babu mai iya karanta su, har Microsoft ɗin. Kwamfutar za a iya goge ta a ci gaba da aiki, abin da ke ciki ne ba ya dawowa.

Mai niyyar sayar da kwamfutarsa shi ma akwai abin lura. Zaɓin share komai, a yadda yake zuwa, yana cire fayiloli ne daga gani kawai, kuma akwai manhajojin da ke iya tono su, musamman a tsohon faifai mai juyawa. Akwai ƙarin zaɓi a cikin saitin na tsabtace faifan, wanda ke ƙara sa'o'i a kan aikin amma yake sa tonowar ta yi wuya ƙwarai.

Duk waɗannan ana shirya musu ne tun kwamfuta tana lafiya. Windows tana da manhaja mai suna Recovery Drive da ke kwafe kayan ceto zuwa filash, Microsoft tana ba da shawarar mai gigabait 16 ko fiye, kuma duk abin da ke cikin filash ɗin zai goge yayin haɗawa. Wannan filash tana iya tayar da kwamfutar ko da an sa mata sabon faifai fil. Takardu da hotuna ba sa shiga cikinta, su sai an kwafe su daban zuwa wani faifan ko ma'ajiyar intanet. Lambar BitLocker kuma ana iya ganinta a shafin asusun Microsoft daga waya, a rubuta ta a takarda, a ajiye ta wani wuri da ba jakar kwamfutar ba.